Ku Tsaya Inda Talaka Zai Same Ku

Ma'aikata 'yan'uwana a cikin Almasihu. Ku ma'aikatan jinya masu kwana a tsaye, ku ungozomomi, ku malaman firamare na ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, masu gwajin jini, masu ba da magani, direbobi, teloli, makanikai, magina, da iyayenmu na Zumuntar Mata masu tashi da asuba su ɗora tukunya don gidan da ba nasu ba. Sannunku da aiki. Sannunku da ƙoƙari. Allah ya ƙara ƙarfi.

Na san abin da ke ci muku tuwo a ƙwarya. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, albashi ya daina kai mutum tsakiyar wata. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, a lokacin da ƙyar kuɗin ke sayen buhun shinkafa ɗaya. Ga kuɗin makarantar yara, ga haya, ga tsoho a gida yana jiran maganin hawan jini. Waɗanda kuka zauna aji ɗaya da su sun tafi Ingila da Kanada da Saudiyya, kuna ganin hotunansu a waya. Idan kun je gida bikin Kirsimeti, sai kawu ya ja ku gefe ya ce, "Wai har yanzu kana can ƙauyen? Da takardunka duka?" Goggo kuma ta ce, "'Yata, tausayi ba ya biyan kuɗin haya." Maganar tana shiga jiki, domin masu faɗinta suna ƙaunarku ne.

To, ga abin da na zo in faɗa muku da babbar murya: wanda ya zaɓi ya tsaya inda talaka zai same shi, saboda Yesu, bai yi asarar rayuwarsa ba. Bai rasa wayo ba, bai kuma rasa hanya ba. Ya ga hanyoyi biyu da idonsa, ya ɗauki wadda Ubangijinsa ya bi. Ku ɗaga kanku sama. Kuna cikin jerin mutanen da ƙasar nan ke cin moriyar guminsu har gobe.

A ƙarshen ƙarni na 19 akwai wani mai harhaɗa magunguna a birnin Toronto na ƙasar Kanada, sunansa Andrew Stirrett. Kantunan magani biyu gare shi, ciniki yana tafiya, rufin asiri ya samu. Labarin da ke zuwa daga ƙasashenmu a lokacin ba mai jan hankalin ɗan kasuwa ba ne. Samari uku ne suka sauka Legas a 1893 don fara aikin da ya zama mishan ɗin SIM, kuma kafin a je ko'ina ciwo ya ɗauke biyu: Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida. Duk mai lissafin riba da ya ji haka sai ya ƙara riƙe mabuɗin kantinsa. Stirrett kuwa ya sallama kantunan da abin da ya tara ga aikin Ubangiji, ya iso ƙasar nan a 1902 yana ɗan shekara 37. Ya koyi Hausa, ya yi ta ba da magani har mutane suka raɗa masa suna Bature Mai Magani. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. A nan ya tsufa, a nan ya rasu a 1948. Da ya zauna a Toronto, da ya mutu attajiri, kuma da yau babu mai tuna shi a Kano ko Jos.

Irin wannan zaɓi ne ya haifi wuraren da iyayenmu da kakanninmu suka sami lafiya. Asibitin Vom ya fara a 1922. A 1923 aka kafa mishan a Garkida, wurin da ikkilisiyar EYN ta samo asali, a 1929 kuma aka buɗe mazaunin jinyar kutare a can. A Wusasa kusa da Zariya aka gina asibitin St. Luke, kuma daga garin ne Dakta Barau Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda babban asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Asibitin ido na Kano ya buɗe a 1943. A Nijar, asibitin Galmi ya fara a 1950, sai na Danja kusa da Maraɗi a 1956. A Gindiri aka buɗe makarantar yara makafi a 1953, a zamanin da ake ganin makaho ba shi da gado sai sanda da ƙoƙon bara.

Littattafan tarihi sun riƙe sunayen Turawan da suka aza harsashi, kuma sun cancanci a tuna da su. Amma wa ya ɗebo ruwa? Wa ya dafa allura a kan risho? Wa ya taka keke cikin yashi da akwatin magani a baya, daga wannan ƙauye zuwa wancan? Wa ya zauna bakin gadon mara lafiya yana fassara masa maganar likita da harshen uwarsa? 'Yan ƙasa ne: Hausawa, Burawa, Birom, Angasawa, Margi, Bajju, Tangale da sauransu. Da yawansu suna da ilimin da zai ba su kujerar akawu a ofishin En'e ko a kantin kamfanin Turawa, da albashi mai tsoka da girma a gari. Suka zaɓi ɗakin shan magani na ƙauye. Ba a rubuta sunayen yawancinsu ba, amma ku ne magadansu. Rigar aikin da kuke sawa, tasu ce kuka gada.

Ku matso kusa ku ga irin aikin da suka yi, wanda wasunku ke yi har yau. Kuturta tana kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi. Mai ita zai taka ƙaya ko garwashi bai sani ba, ya wuni yana tafiya a kan rauni, har gyambo ya kafu a tafin ƙafa. Ma'aikaci zai kawo roba da ruwa, ya sa ƙafar ta jiƙa. Sai ya durƙusa a gaban mutumin da danginsa suka ware masa kwano da tabarma, ya ɗora ƙafar a cinyarsa. Ya goge kantar da dutse a hankali, ya shafa mai don kada fata ta tsage, ya wanke gyambon, ya naɗe shi da bandeji. Ya buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Ya ɗauki takalmin ya zazzage, ya zura hannu ciki ko akwai tsakuwa ko kan ƙusa. Gobe a sake, jibi a sake. Yau akwai maganin da ke warkar da cutar cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi, amma har yanzu ƙwaya ba ta durƙusawa ta wanke ƙafa. Sai mutum.

Wa ya koya mana wannan durƙuso? Shi wanda, a daren da za a bashe shi, ya tuɓe mayafinsa, ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa ya wanke ƙafafun almajiransa, har da ƙafar wanda zai ci amanarsa. Ya kuma umarce su su yi wa juna haka. Ubangijinmu ya yi shekaru yana aikin kafinta kafin ya fara wa'azi. Ya san nauyin katako, ya san gajiyar yamma. Bai tara gida ko gona ba. Da wani saurayi mai dukiya ya zo yana tambayar hanyar rai madawwami, Yesu ya dube shi da ƙauna, ya nuna masa abu guda da ya rage masa: ya saki abin da ke hannunsa saboda matalauta, ya bi shi. Saurayin ya juya da baƙin ciki, domin dukiyar ta riga ta mallake shi. Mutumin kirki ne, mai kiyaye doka tun yana yaro. Abin da ya kayar da shi shi ne ya kasa buɗe hannu.

Kada ku ce irin wannan zaɓi na mutanen da ne, ko na Turawa masu wurin komawa. A arewacin Yuganda akwai asibitin Lacor kusa da garin Gulu, kuma a shekarun baya shugaban likitocinsa ɗan ƙasa ne, Dakta Matthew Lukwiya. Ya yi karatu mai zurfi a Ingila, ƙofa ta buɗe masa ya zauna can, ya ce gida zai koma, gidan da yaƙi ke ci. Tun kafin haka, a 1989, 'yan tawaye suka shigo asibitin za su kwashi ma'aikata, ya miƙa kansa suka tafi da shi daji, daga baya suka sako shi, ya koma bakin aiki. A shekarar 2000 cutar Ebola ta ɓarke a Gulu. Shi ya gane alamunta, ya sanar da hukuma, ya keɓe ɗakin masu cutar, ya riƙa shiga da kansa tare da ma'aikatan jinyar da suka yarda su shiga. Wasunsu suka kamu suka rasu. Shi ma ya kamu wajen taimakon wani ma'aikacinsa da ke kan gargara, ya rasu ranar 5 ga Disamba, 2000. A harabar asibitin aka binne shi. Baƙar fata ne kamarmu, mai mata da 'ya'ya, mai dangin da ke sa rai da shi. Saboda shi da abokan aikinsa sun tsaya, mutane masu ɗimbin yawa suna raye a Gulu yau.

Ba kowa Allah ke kira ya mutu a ɗakin Ebola ba, ba kowa kuma yake ce wa ya sayar da kantinsa ba. Neman halali ba zunubi ba ne. Ciyar da iyali wajibi ne, kuma Littafi ya tsawata wa wanda ya yi sakaci da mutanen gidansa. Ɗan'uwan da ya tafi waje yana aiko wa gida, yana biyan kuɗin makarantar marayu, shi ma yana da rabonsa a wannan hidima, kada mu yanke masa hukunci. Tambayar da ke gaban kowa ɗaya ce, ko yana Landan ko yana Lassa: wa ke riƙe da ragamar zuciyata? In aka ajiye ƙarin kuɗi a dama, aka ajiye mai bukata a hagu, ina ƙafata ke nufa kafin in yi tunani?

Ku kuma shugabanninmu, fastoci da dattawan ikkilisiya da masu riƙe da asibitoci da makarantun mishan, ku ji wannan da kyau. Sadaukarwar ma'aikaci kyauta ce da yake miƙa wa Allah da kansa, ba hujjar da za a riƙe masa haƙƙi ba ce. Kada a ce wa ma'aikaciyar jinya ta yi haƙuri wata uku ba albashi alhali ana sa wa majami'a tayil. Ku biya su a kan kari. Ku tura su ƙarin karatu. Ku tambayi lafiyar 'ya'yansu. Wanda ke ɗauke da talakawa, ikkilisiya ce ya kamata ta ɗauke shi.

Akwai kuma wata koyarwa da ta cika rediyo da allunan bakin titi, mai cewa alamar yardar Allah ita ce mota da bene, wanda kuwa bai samu ba bangaskiyarsa ce ta gaza. Kada ku bari ta karya muku gwiwa. In da haka ne, da Bulus ya fi kowa faɗuwa, shi da ya riƙa ɗinkin tanti da hannunsa don kada ya nauyaya wa kowa, ya sha yunwa da ɗauri da bulala. In da haka ne, da masu bisharar da suka ratsa duwatsu da ƙafa suka kafa majami'un da muke sujada a ciki duk sun yi aikin banza. A sura ta 25 ta Bisharar Matiyu, inda Yesu ya zana ranar shari'a, abin da Sarki zai duba shi ne mayunwaci da aka ciyar, baƙo da aka saukar, mara tufa da aka suturta, mara lafiya da ɗan kurkuku da aka ziyarta. Ya kuma ce duk abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta a cikinsu, shi aka yi wa. Ku auna wannan. Tsohuwar da ke zaune a benci tun safe da katin asibiti a ƙulle a bakin zane, Ubangijinku ya sa kansa a matsayinta. Wane babban mutum za ku yi wa aiki da ya kai wannan?

Kada wani ya ce, "Ni ba likita ba ne, me zan iya?" A garin Yafa an yi wata mace mai suna Tabita, wadda ake kira Dokas. Ba a ce ta yi wa'azi ko sau ɗaya ba. Allura da zare ne kayan aikinta. Da ta rasu, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka musu. Shaidarta ke nan, kuma ta isa har Allah ya mai da ita da rai. Sana'ar da ke hannunka ita ce abin da aka ba ka ka yi hidima da shi.

Kai tela, a cikin kayan makarantar da za ka ɗinka bana, ware biyu na marayun unguwa. Kai makanike, ga yaron da ke gararamba a tasha. Kira shi, miƙa masa sifana, koya masa aiki, kada ka nemi kuɗin koyo a wurin uwar da ba ta da shi. Kai birkila, ɗakin gwauruwar nan da damina ta cinye gindinsa, Asabar ɗaya da kai da yaranka ta isa. Ke malama, yarinyar da ke zama a bayan aji ba littafi ba fensir, tsaya da ita minti ashirin bayan an tashi. Kai ma'aikacin ofis, fayil ɗin ɗan fansho da ba shi da kowa, ɗauko shi daga ƙasa ka sa a sama, kada ka karɓi ko kwabo. Ke 'yar kasuwa, cika mudu, kada ki ɓoye hatsi kina jiran ya yi tsada alhali maƙwabta na kwana da yunwa. Ke ungozoma, matar da ta zo da yoyon fitsari, wadda miji ya sake ta, mutane ke toshe hanci in ta wuce, kama hannunta, kira ta da sunanta, gaya mata ana yin aiki a warke, nuna mata hanyar asibitin da ake yi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

In kun tashi yi, kada ku tambayi addinin mai bukata. Yawancin waɗanda ke cika layi a Galmi da asibitin ido na Kano Musulmi ne, kuma haka ya dace, domin maƙwabtanmu ne, tare muke cin kasuwa, tare muke shan rana. Basamariyen da Yesu ya ba da labarinsa bai tsaya binciken asalin wanda 'yan fashi suka yasar a hanya ba. Ya ɗaure masa rauni, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya biya kuɗin masauki daga aljihunsa. Kada ku mai da magani ko abinci abin ciniki, a ce sai mutum ya shiga coci za a ba shi. Ku yi aikin da kyau, da gaskiya, da fara'a. In an tambaye ku dalili, ku faɗi sunan wanda ya aiko ku ba tare da kunya ba.

Za ku gaji, wannan babu makawa. Wata rana wanda kuka yi wa alheri zai zage ku. Wata rana za ku yi iyakar ƙoƙari, yaron ya mutu a hannunku. Wata rana za ku duba asusu ku ga babu komai, ga saƙon abokin da ke waje yana cewa har yanzu akwai gurbi. A irin wannan rana kada ku zauna ku kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku nemi 'yan'uwa biyu ko uku masu irin nauyinku, ku yi addu'a tare, ku kafa adashi, ku riƙa leƙa juna. Ku huta in lokacin hutu ya yi, gama Yesu da kansa ya ja almajiransa gefe su huta. Ku kuma dubi 'yan'uwanmu na EYN. A 2014 aka sace 'yan matan Chibok, yawancinsu 'ya'yansu ne, a shekarar kuma aka mamaye hedkwatarsu da ke Kwarhi. A Fabrairun 2020 aka kai wa Garkida hari aka ƙona majami'u. Duk da haka sun koma, sun sake gini, suna raba abinci da iri ga 'yan gudun hijira, Kirista da Musulmi. In waɗanda aka ƙona wa gida ba su janye hannu ba, mu ma ba za mu janye ba.

Ku kuma samari da 'yan mata da ke gab da gama makarantar jinya, ko kwalejin horon malamai, ko jami'a, ko koyon sana'a, yanzu ne kuke da zaɓi a hannu. Kowa zai nuna muku hanyar Abuja da ta filin jirgi. Ni ina nuna muku ɗakin shan maganin da aka rufe don babu mai zama, da makarantar da malami ɗaya ke riƙe da aji huɗu, da sansanin 'yan gudun hijira inda mata ke haihuwa babu ungozoma. Ku ba da ko shekara biyu ta ƙuruciyarku. Ku je da ƙwarewa, domin talaka ya cancanci aiki mai inganci kamar yadda mai kuɗi ke samu. Ku yi shawara da iyayenku cikin ladabi, ku gaya musu abin da Allah ya sa a zuciyarku. Ku iyaye kuma, in ɗanku ya zo da wannan magana, kada ku kashe masa gwiwa. Ku sa masa albarka, gama gidanku ne aka girmama.

'Yan'uwa, gobe Litinin. Ku tashi da wuri, ku sa rigar aiki, ku isa kafin layi ya yi tsawo. Ku gai da na farko da sunansa, ku saurari na ƙarshe kamar shi ne na farko. Kafin mako ya ƙare, kowa ya zaɓi mutum ɗaya da ba zai iya biyansa ba, ya yi masa aiki mafi kyau da hannunsa ya iya. Ku ja wani ku koya masa, don aikin ya wuce ku. Wanda ya kira ku mai aminci ne, yana ganin kowace allura da kowane bulo da kowane darasi, kuma ba ya cin haƙƙin ma'aikacinsa. Ku ɗaure ɗamara, ku tsaya da ƙarfi, ku ci gaba. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanku, ya tsare shigarku da fitarku, ya biya bukatun gidajenku. Amin.